Allurar Agogon Mai Ta Faɗi: Yadda Aka Bi Sawun Ciwon Wata Tsohuwar Land Cruiser a Tawa

Motar da aikinta

Motar Toyota Land Cruiser ce ƙirar HZJ75, a-kori-kura, ta shekarar 1996. Injinta 1HZ ne, mai silinda 6, lita 4.2, mai shan gazuwal, babu turbo. Tun 1990 Toyota ta fara fitar da wannan inji, kuma duk wanda ya san hanyoyin arewacin Tawa ya san irin amanar da ake ba shi. Ba shi da kwamfuta, ba shi da tsirfa, yana jure zafi da ƙura da kaya fiye da kima.

Mai motar ɗan kasuwa ne a cikin garin Tawa, ba shi yake tuƙi ba. Yana da direba guda da ya daɗe tare da shi, da yaron mota. Aikinta cin kasuwannin ƙauye: ta ɗauki hatsi da sukari da ganyen shayi zuwa Abalak da Cintabaraden, ta dawo da bisashe da fasinja, wani lokaci kuma ta gangara Ƙonni. Agogon tafiyarta ya haura kilomita 600,000. Ana yi mata juyen mai duk bayan kilomita 5,000, da mai lamba 15W-40, kuma cikinta yana ɗaukar lita 9 da 'yan kai idan an haɗa da filta.

Abu biyu ya kamata a riƙe tun daga nan. Na farko, agogon mai da ke tablon wannan mota, wanda yake nuna matsin man inji, ba shi da lambobi, harafin L ne a gefe guda da H a ɗaya gefen, allura na yawo tsakaninsu. Ba shi ne yake taɓa man ba. Wata 'yar na'ura ce, sansa, da aka ɗaura a jikin inji take jin matsin, ta aiko masa ta waya. Na biyu, shekara da shekaru motar tana neman ƙarin kamar lita ɗaya tsakanin juye da juye, abin da ba a ɗauka laifi ba ga inji mai irin shekarunta.

Fabrairu: alamar farko

Sanyi na ƙarewa direban ya lura da sauyi. Da safe idan ya tayar da mota allura takan haura tsakiya kamar kullum. Amma idan ya yi tafiyar awa biyu ya tsaya a shingen jami'ai ko bakin kasuwa, inji na ralanti, wato yana aiki ba a taka totur ba, sai ta sauko ta kusa kwanciya a kan L. Da ya taka totur sai ta ɗan ɗago. Babu ƙara, babu hayaƙin da ya wuce na da, ruwan inji kuma bai tafasa ba.

Ya zaro sandar gwajin mai ya duba, ya ga mai a cike, har ya ɗan gota layin sama. Ya gaya wa maigidansa cewa: "Alhaji, mai dai yana nan cike, tun da sanyi ya shigo ban ƙara mata ko kofi ɗaya ba." Dukansu biyu suka ɗauki wannan a matsayin albishir, aka ci gaba da aiki.

Farkon Maris: sauya sansa

Da abin ya ƙi wucewa, aka kai ta wurin mai gyaran wutar mota. Tunaninsa yana da tushe, domin a tsofaffin motoci sansa da waya sukan yi ƙarya sosai: kan waya ya yi tsatsa, ko mai ya tsattsafo ta cikin sansar, ko wayar ta goge a jikin ƙarfe. Ya goge kan wayar, ya cire tsohuwar sansa, ya ɗaura sabuwa mai araha wadda ba ta kamfanin motar ba. Bai auna matsin da wani abu daban ba kafin ya cire, bai kuma auna bayan ya ɗaura ba.

Allura ta ɗaga. Ko a ralanti, inji da zafi, tana tsayawa sama da inda take tsayawa a da. Mako biyu hankalin kowa a kwance. Sai dai direban ya ce rawar allurar ba ta canza ba: da safe tana sama, da rana tana ƙasa, wurin da take faɗawa ne kawai ya ɗan matsa. Kafin wata ya ƙare ta sake komawa kusa da L.

Ƙarshen Maris zuwa Afrilu: mai mai kauri

Bazara ta kankama, zafin Tawa a wannan lokaci yakan wuce digiri 40 da rana. Wani makanike a bakin tasha ya ce inji ya tsufa, zafi kuma ya yi yawa, man da ake zubawa ya yi mata ruwa-ruwa. Ya juye shi a cikin wani tsohon daro, ya sa sabuwar filta, ya zuba 20W-50 wanda ya fi kauri. Ba wanda ya auna yawan abin da ya fito, ba wanda ya shinshina.

Wannan karon sauyin na gaske ne. A tafiyar farko zuwa Abalak allura ta zauna daram, ko a tsaye ba ta faɗi ba. Amma bayan kamar kilomita 1,000 ta fara sauka sannu a hankali, a kilomita 2,000 kuma ta koma gidan jiya. Aka sake juye kafin lokacinsa, aka sake ganin abu ɗaya: sabon mai, allura sama; tafiya ta miƙa, allura ƙasa. A duk tsawon wannan lokaci sandar gwaji tana nuna mai a cike, wani lokaci fiye da cike.

Ƙarshen Afrilu: wosha a bayan sifirin

Makaniken ya kawo shawara biyu. Ko a aika Yamai a nemo famfon mai na hannu, ko a gwada wata dabara mai sauƙi tukuna. Famfon mai na 1HZ yana cikin murfin giyoyin gaban inji, sauya shi aiki ne babba, don haka Alhaji ya zaɓi dabarar.

A hanyar mai akwai wani bawul mai sifirin. Aikinsa shi ne idan matsi ya yi yawa, kamar da safe lokacin da mai yake da kauri, ya buɗe ya mayar da rarar baya don kada wani abu ya fashe. Makaniken ya kwance shi, ya cusa wosha biyu a bayan sifirin ɗin don ya ƙara tauri. Washegari da asuba allura ta kusa taɓa H, har mai ya fara tsattsafowa ta bakin filta. Da rana ta take, inji ya yi zafi, sai ta faɗi daidai inda ta saba faɗuwa. Ko gashi ɗaya ba ta ƙaru ba.

Mayu: ranar da aka ajiye ta

A mako na biyu na Mayu, a hanyar dawowa daga Abalak da cikakken kaya, direban ya tsaya sallar la'asar. Da ya sake tayar da inji ya ji wata ƙara ƙwas-ƙwas daga ƙasa na 'yan daƙiƙu kafin ta ɗauke, allura kuma ta daɗe kwance kafin ta motsa. Bai yi gardama da ita ba. Ya lallaɓa a hankali har cikin gari, ya ce wa maigidansa shi kam ba zai sake fita da ita ba sai an san abin da ke ciki. Wannan tsayuwa da ya yi ta cancanci yabo, domin direbobi da yawa tsoron rasa kuɗin tafiya ɗaya yake sa su lalata inji.

Aka kai ta garejin wani dattijon makanike da ya daɗe yana aikin manyan motocin gazuwal. Ya saurari labarin daga farko bai katse ba. Tambaya ɗaya ya yi wa direban: "Ɗana, yaushe rabonka da ƙara mata mai?" Direban ya ce: "Baba, tun kafin Fabrairu." Dattijon ya ce a kawo masa agogonsa.

Awo na farko

Agogon nasa na hannu ne, mai tiyo, mai lambobi a ma'aunin bar, ba ruwansa da waya ko batir. Ya cire sansa, ya ɗaura bakin tiyon a gurbinta, yadda man da kansa ne zai tura allurar. Littafin gyara na Toyota ya ba da iyaka ga wannan inji idan ya yi zafin aiki: a ralanti kada matsi ya gaza 0.3, a juyi 3,000 cikin minti kuma kada ya gaza 2.5, a ma'aunin kilo kan santimita murabba'i, wanda kusan daidai yake da bar.

Inji da sanyi, a ralanti, agogon ya nuna sama da bar 5, aikin woshoshin nan ke nan. Yaran gareji suka ce ai lafiya lau take. Dattijon bai kula su ba. Ya sa aka fita da motar kan kwalta, aka yi tafiyar rabin awa da kaya a baya, domin ruwan inji yakan riga mai yin zafi, kuma awon da aka yi kafin man ya gasu ba ya faɗin gaskiya. Da aka dawo: ralanti bar 0.2, juyi 3,000 bar 1.8. Duka biyun suna ƙasa da iyaka. Gani ya kori ji, agogon tablo ba ƙarya yake yi ba tun farko.

Sai ya zaro sandar gwaji. Mai ya haura layin sama da faɗin yatsa. Ya murza shi tsakanin babban yatsa da manuni, ya kai hanci, ya miƙa wa Alhaji ya ce: "Alhaji, shinshina da kanka." Warin gazuwal ne ƙarara. Ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan farar takarda ya ajiye a inuwa. Bayan ɗan lokaci baƙin ya tsaya a tsakiya, wani zobe mai haske kuma ya bazu a kewayensa, ya yi faɗi fiye da yadda lafiyayyen mai yake yi. Daga nan ya sa aka juye man a cikin jarka mai awo maimakon daro. Lita 11 ta fito daga injin da aka zuba wa 9 da 'yan kai.

Bayanin da ya yi wa Alhaji gajere ne. Famfon mai turawa kawai yake yi, matsi kuwa yana samuwa ne saboda man yana shan wuya kafin ya kutsa ta 'yan siraran ratar da ke tsakanin ƙarafa. Kamar tiyon ban-ruwa ne a lambun albasa: ka danne bakinsa da yatsa ruwa ya yi tsiri, ka saki ya zubo a sanyaye, alhali injin ban-ruwan bai canza gudu ba. Idan mai ya tsinke, ko ratar ta buɗe, matsi zai faɗi ko da famfo sabo ne fil. Kuma a ralanti ne abin ya fi bayyana, domin a lokacin famfon yana juyawa a hankali.

Neman inda gazuwal yake shiga

Hanya biyu aka fi zargi. Ko injekta, mai fesa gazuwal cikin inji, tana ɗiga, gazuwal ɗin da bai ƙone ba ya wanke jikin silinda ya gangara ƙasa, ko kuma famfon gazuwal ne yake yoyo ta gabansa. Aka kwance injekta shida aka kai wurin masu gwada su. Biyu feshinsu ya ɗan lalace aka gyara, amma babu wadda take ɗigar da za ta tara lita biyu cikin 'yan makonni, kuma da ma motar ba ta farin hayaƙi, ba ta rawa.

Saura famfon. A wannan inji giya ce take juya shi, kan sandarsa kuma yana shiga cikin murfin giyoyin gaba inda baƙin mai yake wanka. Abin da ya raba gazuwal da mai a wurin wata 'yar roba ce mai zagaye da ke rungume da sandar. Da aka sauke famfon aka ga robar ta bushe ta yi tauri, leɓenta ya tsage, gaban famfon kuma a jiƙe yake sharkaf, an wanke shi tas babu baƙin mai ko kaɗan. Irin wannan yoyo ba ya ɗiga a ƙasa balle a gani, cikin inji yake zuba kai tsaye. Mai gyaran famfo ya sa sabuwar roba, ya duba sandar ba ta lilo, aka mayar, aka saita lokacin feshi da agogon saiti.

Dattijon ya zare woshoshin nan biyu, ya wanke bawul ɗin ya tabbatar yana motsi ba ya maƙalewa. Aka zuba sabon 15W-40 da sabuwar filta, aka sake fita kan kwalta.

Awo na biyu

Ralanti bar 0.4, juyi 3,000 bar 2.2. An samu ci gaba, ralanti ya haye iyaka da kyar, amma na sama bai kai 2.5 ba. Alhaji ya so a tsaya nan, domin mota ta kwana biyar ba ta kawo komai ba. Dattijon ya ce masa: "Alhaji, motarka ce, amma wata uku ƙarfe yana gudu a kan tsinkakken mai, kuma yaron nan ya ji ƙara. Ni ba zan ce maka ta warke ba sai na ga cikin karta." Alhaji ya yi shiru, can ya ce a buɗe.

Da aka sauke karta, wato tasar da mai yake taruwa a ƙasan inji, abu biyu suka bayyana. Rariyar da famfon mai yake tsotso mai ta cikinta ta toshe kusan rabi da wasu baƙaƙen zare-zare masu taushi. Busasshen silikon ne. Kartar wannan inji da silikon ake liƙe ta, kuma wani da ya taɓa buɗe ta a shekarun baya ya lafta shi da yawa, rarar ta ɓalle ta faɗa ciki. Yaran suka wanke rariyar da gazuwal da buroshi har haske ya riƙa ratsa ta.

Na biyu shi ne kusine na biyal, wato 'yan ɓawon ƙarfen nan masu laushi da ke tsakanin biyal, sandar da ke riƙe da fistan, da bilbirke, babbar sandar da ke juyawa a ƙasan inji. Aka kwance su ɗaya bayan ɗaya, ana jera su a kan kwali bisa lambar silinda. Farin saman da ya kamata a gani ya goge, jan ƙarfen da ke ƙasa ya leƙo a na silinda ta 2 da ta 5 da ta 6. Dattijon ya ɗora siririn zaren awo a kan bilbirke, ya ɗaure murfin, ya kwance, ya gwada faɗin da zaren ya baje. Iyakar da littafin ya yarda da ita milimita 0.10 ce; uku sun wuce ta, sauran sun kusa. Ya bi wuyan bilbirke da farce bai ji kurji ba, ya auna da mikiromita ta fuska biyu ya samu bai zama ƙwai ba. Da an ƙara ko 'yan tafiye-tafiye a haka, da sai an sauke inji an kai bilbirke wurin masu fiƙe shi.

Aka aika Yamai aka kawo kusine na biyal masu girman asali da sababbin kusoshinsu. Aka ɗaure su da makullin awo bisa ƙa'idar littafi, ba da ƙarfin dantse ba. Manyan kusine guda 7 da bilbirke yake kwance a kansu ba a taɓa su ba, domin a wannan inji isa gare su sai an sauke shi gaba ɗaya. Aka liƙe karta da silikon siriri, aka bar shi ya kama kafin a zuba mai.

Awo na uku da watannin da suka biyo

Bayan tafiyar rabin awa: ralanti bar 0.8, juyi 3,000 bar 3.2. Ƙarar nan ta lokacin tayarwa ta ɓace. Aka cire sansar mai araha aka sa ta asali, aka kwatanta ta da agogon hannu don direban ya san inda allura take tsayawa idan lafiya ce. Ya ɗiga ɗan fenti a gilashin tablo daidai wurin.

An yi juye na farko da wuri, a kilomita 1,000, don a fitar da sauran dattin da ya rage. Abin da ya fito bai fi abin da aka zuba ba, babu warin gazuwal. Daga Yuni zuwa Agusta motar ta koma hanyarta, damina ta sauka, ta sha taɓo da kwazazzabai. A ƙarshen kilomita 5,000 aka sake ɗaura agogon hannu kafin juye, ya nuna 0.7 da 3.1. Ta kuma koma neman ƙarin lita ɗaya tsakanin juye da juye kamar da.

Abin da ya faru da dalilinsa

Tushen ciwon robar famfon gazuwal ce. Ita ta tsinka man, tsinkakken mai ya kasa riƙe ƙarfe daga ƙarfe, kusine suka ci, rata ta buɗe, matsi ya ƙara faɗuwa. Toshewar rariya tsohon lahani ne da yake kwance, ya zo ya ƙara wa abin nauyi. A ganina da an kama yoyon a Fabrairu, roba ɗaya da juye ɗaya sun isa, kuma da wuya a kai ga buɗe karta.

Alamar kuwa tana nan tun ranar farko. Tsohon injin da ya saba shan mai ba ya daina sha haka kawai. Idan sanda ta daina sauka, wani abu ne yake cike gurbin, ko gazuwal ko ruwa. Ruwa yakan mayar da mai kalar shayi da madara, gazuwal kuwa ba ya canza kala, sai hanci da yatsa suke gane shi. Kuma hatsarinsa bai tsaya ga kusine ba: idan karta ta cika ta wuce kima, injin gazuwal yana iya jan man nasa ya riƙa ƙonawa, ya yi ta gudu ko an kashe makulli.

Ban ga laifin zargin sansa ba, laifin shi ne sauya ta ba tare da awo ba, sannan aka sa wadda ba ta dace da agogon ba, ta ɗaga allura ta ɓoye ciwo har mako biyu. Mai mai kauri ya yi aiki na ɗan lokaci ne saboda sabo ne, gazuwal bai gama tsinka shi ba, kuma yadda matsin yake faɗuwa da yawan tafiya bayan kowane juye shaida ce babba da aka gani sau biyu aka wuce. Woshar kuwa ba ta da hanyar yin amfani ko kaɗan, domin a ralanti da zafi bawul ɗin a rufe yake tun da ma, ƙara masa tauri ba ya ƙara komai sai barazana ga filta da safe. Famfon man da aka so saye daga Yamai ba a taɓa shi ba har aka gama, lafiyarsa ƙalau.

Gyaran bai mayar da injin sabo ba. Manyan kusine suna nan da shekarunsu, su ma sun sha wancan tsinkakken mai. Dattijon da Alhaji sun yi yarjejeniya cewa za a riƙa ɗaura agogon hannu a kowane juye ana rubuta lambar a littafin mota, kuma ranar da awon juyi 3,000 ya sauko kusa da 2.5 za a sauke injin a yi masa babban aiki, a lokacin da kasuwa ta yi sanyi.